Raddi Ga Mai Cewa Mata Ba Su Da Himmar Shugabanci

Wata magana ta yaɗu a majalisun ma'aikatan Birnin Kudu da Gwaram, wadda wani ma'abocin ilimi ya tsaya mata, cewa mace a fiɗirarta ba ta da himmar shugabanci, hujjarsa kuwa ita ce in aka ƙirga shugabannin makarantu da ofisoshin ƙasar nan, adadin mata bai taka kara ya karya ba. Ƙidayarsa ba mu musa ta ba, amma hukuncin da ya gina a kanta ɓatacce ne.

Da farko, ya ɗauki musabbabi ya mai da shi sababi. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka tun zamanin NEPU. Wanda kuwa aka hana shi shiga fage shekara da shekaru, zalunci ne a tuhume shi da rashin son kokawa.

Sa'an nan ya ce ai ba su nema. Shin ya manta cewa roƙon shugabanci da baki abu ne da shari'a ta karhanta, kamar yadda ya tabbata cikin nasihar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abdurrahman ɗan Samura? Mu ne muke tarbiyyar 'ya'yanmu mata a kan kunya da kawaici, don haka bai kamace mu ba mu mai da ladabin da muka koya musu ya zama shaida a kansu. Balle ma in aka dubi sharaɗin da muƙamin yake zuwa da shi: malamar da ke koyarwa a garin Gwaram, in aka yi mata tayin shugabancin makaranta, sau da yawa canjin wurin aiki yana biye da shi, a ce ta koma Basirka ko Fagam, ga goyo a baya, ga ranar girki, ga izinin maigida, ba kuma lalle ta sami masauki ba, abokin aikinta namiji kuwa babur zai hau da safe, ya dawo da magariba ya tarar da tuwonsa a rufe. In ta ce a ba wani, lissafi ta yi irin na mai hankali.

Amma hadisin Abu Bakrata da shi ma ya kafa hujja da shi, na cewa mutanen da suka shugabantar da mace ba za su rabauta ba, game da 'yar Kisra ya zo, wadda Farisawa suka naɗa sarauta, malamai kuma sun yi saɓani kan iyakarsa: Abu Hanifa ya halatta wa mace alƙalanci cikin abin da ake karɓar shaidarta, Ɗabari ya halatta shi ba ƙaidi. Gaskiya ne mazhabarmu ta Malikiyya ba ta tafi a kan haka ba, sai dai wane malami ne ya taɓa cewa shugabancin ɗakin haihuwa halifanci ne? Ga kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi wafati a 1864, da hannunta take ɗora wa jajojin 'Yan Taru malfa, su jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu.

In yana son mushahada, ya shiga asibitin tarayya na Birnin Kudu da hantsi, ya ga shugabar ma'aikatan jinya tana raba aiki, tana bin lissafin magunguna, maza da mata suna amsa umurninta. Sa'an nan ya taya mu roƙon hukuma ta gina wa malamai mata masauki a ƙauyuka, in an yi haka ya sake ƙirgawa.