Mustang a Ƙasar Dagomba

Duk wanda ya zauna da samarin zangon Yendi a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda ke da 'yan'uwa a Amurka ko suka taɓa neman abinci a Kumasi da Ankara babban birnin Gana, ya san akwai wata mota mai ƙofa biyu, mai hoton doki a goshi, wadda ake kira Mustang, da ta shiga zukatansu shiga mai tsanani, har suna ajiye hotunanta a wayoyinsu, suna sauraren rurin injinta, suna musu a kan farashinta. Ni ban ga aibin wannan sha'awa ba, domin son abu mai kyau ɗabi'a ce da Allah Ya halicci ɗan Adam da ita. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, wanda ya karanta tarihin kamfanin Ford da ya ƙera wannan mota, ya kuma dubi hanyoyinmu da aljihunmu da idon basira, zai tarar cewa mafi girman darasin da ke cikin tarihin yana ga wata tsohuwar mota marar ƙawa da ta riga Mustang da shekara hamsin da shida, kuma ita ce ta fi kusa da halin da muke ciki.

Henry Ford ɗan manomi ne, an haife shi a 1863 a karkarar jihar Mishigan, kusa da Ditiroit, ya tashi yana ganin yadda nisan gari da taɓon damina ke tsare manomi a gonarsa. Ya kafa kamfaninsa a 1903, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kumasi, a lokacin da mota take abin wasan attajirai, ana ƙera ta ɗaya bayan ɗaya da hannu. A 1908 ya fitar da wadda ya sa wa suna Model T, kuma duk wanda ya lura da ƙirarta zai gane wa aka yi wa ita: ƙafafunta dogaye ne, cikinta ya yi nesa da ƙasa don kada kututture da kunya su taɓa shi, jikinta ba nauyi, injinta mai silinda huɗu ƙarfinsa na doki ashirin ne kacal, ana tayar da shi ta hanyar murɗa ƙarfe da hannu daga gaba. Tankin manta yana ƙarƙashin kujera, mai yana gangarowa inji da nauyinsa, shi ya sa idan tudu ya yi tsayi mai kuma ya yi ƙasa, direba yakan juya ta ya hau da baya. Maƙerin ƙauye yana iya gyara ta da guduma da sifana. A 1913 aka shirya aikin masana'antarsa ta Highland Park ta yadda gangar mota ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya, sai haɗa gangar da ke cin sa'a goma sha biyu ya koma kimanin sa'a ɗaya da rabi. Farashi ya faɗo daga dala 850 zuwa dala 260 a 1925, ladan ma'aikaci ya hau zuwa dala 5 a yini tun 1914, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi fiye da miliyan 15.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, ko da yake galibinmu ba mu san haka ba. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ne a ƙasa, bayan jakuna da takarkarai, ƙarƙashin jagorancin madugai, daga Kano da Sakkwato ta Sansanin Mango zuwa Yendi, daga nan su gangara Salaga su sayi goro, tafiyar da kan ci watanni. A wannan hanya ce malamai irin su Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, suka shigo da littattafansu. Da Turawa suka kawo motoci Gwalkwas, wato Gana ta yau, na farko masu nauyi ne, suna farfasa hanyar burji suna kafewa a taɓo. Motocin Ford marasa nauyi, waɗanda kafintoci ke ɗora wa bodin katako, su ne suka iya bin hanyoyin da aka share da fartanya, su suka kwashi koko daga ƙauyukan kudu, kuma a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, da aka buɗe hanyar mota daga Kumasi ta Yeji da Salaga zuwa Tamale, lori ya fara maye gurbin ayari. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa arewacin Gana ba har yau, saboda haka duk buhun masara da duk ƙwaryar doya da suka bar kasuwar Yendi a bisa taya suka tafi, kuma mota ta farko da ta yi mana amfani ta yi ne saboda an ƙera ta daidai da mummunar hanya da ƙaramin jari.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Ford mutum ne mai aibobi bayyanannu: jaridarsa ta yaɗa ƙiyayya ga Yahudawa, 'yan bangarsa sun lakaɗa wa masu neman kafa ƙungiyar ma'aikata duka a 1937, ga kuma taurin kai da ya kusa karya kamfaninsa. Abokin hamayyarsa Alfred Sloan na General Motors ya fahimci cewa mutumin da ya riga ya mallaki mota, abin da zai sake fitar da kuɗinsa shi ne launi da sabon salo da jin ya fi maƙwabcinsa, sai ya riƙa sauya siffar motocinsa kowace shekara, yana kuma sayarwa bashi a biya da kaɗan-kaɗan. Ford ya ƙi, kasuwa ta juya masa baya, ala tilas ya rufe masana'antarsa watanni a 1927 don ya fito da sabuwar ƙira. Tun daga wannan lokaci cinikin mota a Amurka ya tashi daga biyan bukata ya koma tayar da sha'awa, kuma a cikin wannan sabon ciniki aka haifi Mustang.

An nuna ta ga jama'a ranar 17 ga Afrilu, 1964, a bajekolin duniya na Niyok, bisa himmar wani babban jami'in kamfanin, Lee Iacocca, a zamanin Henry Ford na biyu, jikan mai kamfanin. An sa mata dala 2,368, aka sayar da fiye da dubu ɗari huɗu a shekara ta farko, miliyan ɗaya kafin shekara biyu ta cika. Sunan kamfanin ya ƙara ɗaukaka a wajen masu son gudu da motarsa GT40 ta kayar da Ferrari a tseren Le Mans na Faransa a 1966, ta kuma ci tseren har sau huɗu a jere. Amma abin lura a nan, wanda masu yabon Mustang a majalisunmu ba su cika ambata ba, shi ne a ƙasarta mota ce ta akawu da ƙaramin ma'aikaci. An gina ta ne a kan kayan wata mota mai araha da ake kira Falcon, kayan gyaranta suna kowane gari, galan ɗin fetur bai wuce kimanin santi 30 ba, kuma tun 1956 gwamnatin Shugaba Eisenhower ta fara shimfiɗa manyan tituna masu tsawon mil 41,000 da suka ratsa ƙasar gabas da yamma. Hanyar ta riga motar zuwa, albashin ma ya riga ta. A 1973, shekarar da man fetur ya yi tsada, su kansu Amurkawan ƙanƙantar da ita suka yi.

To, yaya al'amarin yake idan ɗan Yendi ya yi niyyar mallakarta? Hannun tuƙi ba matsala ba ne, domin Gana ta koma bin hannun dama tun 4 ga Agusta, 1974, sitiyarin motar Amurka ya dace da titinmu. Matsalar tana farawa ne daga inda ake samo ta. Da yawa daga motocin Amurka da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, a gyara bodi a fesa fenti, mai saye ya ga zahiri yana sheƙi alhali baɗinin gangar ya tanƙware, ko jakar iskar da ke kare direba ta riga ta fashe ba a mayar ba. Majalisar dokoki ta yi doka a 2020 don hana shigo da irin waɗannan da kuma waɗanda suka haura shekara goma, amma aka dakatar da zartar da ita. Kuɗin fito a kwastan yana hawa gwargwadon girman inji, kuma Mustang ɗin da samari ke so, mai silinda takwas da lita 5, tana cikin manya; akwai mai silinda huɗu da lita 2.3 wadda ta fi sauƙi, sai dai ba ita ke da rurin da ake nema ba. Gwamnati ta taɓa ɗora harajin shekara-shekara a kan manyan injuna a 2018, ta janye shi a 2019, wanda ya isa ya nuna wa mai hankali cewa irin wannan mota kullum idon mai karɓar haraji yana kanta.

Idan an wuce wannan duka ta iso gida, sai a gamu da ƙasa kanta. Tsakanin cikin Mustang da titi bai kai taki ɗaya ba. Daga Tamale zuwa Yendi akwai kwalta, amma kowane ƙauye yana da tudun rage gudu, kuma mai irin wannan mota dole ya tsaya cak a gabansa, ya karkata sitiyari, ya hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne ko zai ji ƙarar ƙarfe ya gogi kankare, yayin da mai keken kaya mai taya uku, wanda ya loda doya har sama, zai ratse shi ya wuce. Ƙarfin doki fiye da ɗari huɗu da ke cikin injin ba shi da inda zai fita a titin da tumaki da 'yan makaranta da mata masu tallan itace ke rabawa da mota, in kuwa aka sake shi a nan, rai ne zai salwanta. Hanyoyin ƙauyukan da abincinmu ke fitowa, da ta Saboba wadda ruwa kan yanke da damina, ba ma a maganarsu. Ranar da dutse ya huda tukunyar baƙin mai, ko wata fitila ta kama a gaban direba, fitan da ke aiki a gindin darbejiya, wanda zai iya kwance injin Toyota ya ɗaura idonsa a rufe, zai gaya maka gaskiya cewa sai an sa mata kwamfuta, kayan kuma sai an aika Suame a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara, in babu a can a jira ɗan'uwa ya turo daga Amurka da dala, motar tana zaune ƙarƙashin tamfol ƙurar hunturu tana hawanta.

Na san za a ce mini, dukiyata ce, da gumina na samu a sanyin Bronx ta Amurka, ba wanda zai iyakance mini abin da zan hau. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba ni da ikon haramta abin da shari'a ta bari mubahi. Alƙur'ani mai girma a Suratun Nahli ya ambaci dabbobin hawa a matsayin abin amfani da kuma abin ado, ya lissafa duka biyun cikin ni'ima. Sai dai malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, sun jera maslahohin ɗan Adam hawa uku, larura da bukata da ƙawa, suka kuma yi hukunci cewa ba a gabatar da na ƙarshe a kan na farko. Mutanen Dagomba ba baƙi ba ne ga abin hawa na ado: duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Gbewaa ranar Damba ya ga dawakin hakiman Ya Na, sarkin Dagomba, da kayansu ya san haka. Amma dokin nan ciyawar ƙasarmu yake ci, yaron unguwa ke yanko ta a biya shi, baduku na gari ya ɗinka sirdinsa, maƙeri ya ƙera linzaminsa, kuɗin adon yana zagayawa cikin gari. Kuɗin Mustang kuwa, tun daga sayenta har man da take sha da kayan gyaranta, fita yake yi daga Yendi ba ya dawowa, a garin da mata ke kwana neman ruwa da rani, ɗiyan kaɗanya da waken soya kuma suna jiran motar da za ta kai su kasuwa.

Saboda haka hukuncina shi ne, wanda ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya fitar da zakkarsa, yana da wata motar da ke ɗaukar ɗawainiyar gida, ya kuma tabbatar da asalin wadda zai saya ta hanyar binciken lambar gangarta kafin ya biya ko sidi ɗaya, to ya hau Mustang ɗinsa a hankali, Allah Ya tsare. Wanda kuwa ita ce za ta zama motarsa ta farko kuma ta ƙarshe, da kuɗin da ya tara shekaru a ƙasar mutane, ina roƙonsa ya dubi motar ɗaukar kaya ko tarakta, ko ta Ford ko ta wani kamfani, wadda za ta shiga gona ta fito ta ciyar da shi da wasu. Ku kuma wakilanmu a majalisa da hakimanmu da limamanmu, ku haɗa murya a kan babbar hanyar gabas da ta taso daga Tema ta Hohoe da Nkwanta da Bimbilla, ta ratsa Yendi da Gushegu ta nufi Bawku, har a kammala ta tun daga farkonta zuwa ƙarshenta, a kuma gyara ƙananan hanyoyin da ke kawo mata amfanin gona daga ƙauyuka.