Allura Ɗaya Ba Ta Maganin Kowace Cuta

'Yan'uwa, muna so mu yi magana a kan wani abu da muke gani kullum in mun je hutu Kutama, a ƙasar Gwarzo. Mutum yana da shanu biyar ko shida, biyu na huɗa, sauran na nono, su ne dukiyarsa duka. Da ya ga saniya ta fara ramewa sai ya tafi kasuwa ya sayo kwalbar allura ya tsira mata, bai tambayi kowa ba. In ta mutu ya ce maganin jabu ne. Mu kuwa a ganinmu sau da yawa ba laifin magani ba ne.

Allurar nan da ake kira ibamektin, wadda aka fara sayarwa a 1981, lalle tana da amfani ƙwarai. Tana kashe tsutsar ciki da ƙwarƙwata, tana kuma rage kaska. Amma fa ba ta taɓa tsutsar hanta, sai in an gauraya ta da wani magani dabam. To, ga inda wahalar take.

Ita tsutsar hanta daga mashaya ake ɗaukarta. Ƙwanta yakan fita cikin kashin shanu ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa. Bayan sun girma kaɗan sai su fito su maƙale a ciyawar bakin ruwa, saniya ta zo ta kalashe su. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, ina shanu za su nufa in ba fadama da bakin dam irin na Guzuguzu da Magaga ba? Can ciyawa take ɗanya, can kuma katantanwa take. Sai bayan wata uku ko fiye za a ga dabba ta lalace, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. Wanda yake shakka ya je ya tsaya wurin mahauta ya dubi hantar da suke yankewa suna yarwa.

Saboda haka muka ce kafin a sayi magani a kira malamin dabbobi ya duba. In hanta ce, akwai irin su albendazol da ake ɗurawa ta baki, amma ba a ba saniyar da ta ɗauki ciki kwanan nan. Wanda yake da rijiya kusa kuwa, ya shayar da shanunsa a kwami ya fi masa.

Sa'an nan ga maganar awo. Ƙa'idar allurar nan mil 1 ne ga kowane kilo 50, watau sa mai kilo 300 mil 6 ke nan. Mai tsimi yakan ba shi rabi don kwalba ta daɗe, sai raunanan tsutsotsi su mutu, masu taurin rai su saura su hayayyafa, har ran da maganin zai daina ci. Kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha, gama yana bi ta cikin nono.

Kaska kam, kada mu raina dabarar Fulani ta cire ta da hannu kowace safiya da damina. Ga mai shanu shida wannan ba aikin rabin sa'a ba ne, ba ya cin ko kwabo, yana kuwa rage kirci. Yaran da za mu koya wa karatu su ne masu kai shanun nan mashaya, su ya kamata mu fara nuna wa katantanwar.