Babban Banki Ba Ɗakin Sirri Ba Ne: Mu Matsa Wa 'Yan Majalisarmu



A farkon 2023 kusan duk mai alƙalami a cikinmu ya yi rubutu kan ƙarancin naira. Mun rubuta waƙe, mun rubuta gajerun labarai a kan layin banki da tsadar cajin masu POS. Da kuɗi suka dawo hannu sai muka koma harkokinmu. Mutum nawa ne a cikinmu ya rubuta wa ɗan majalisarsa takarda ya tambaye shi: wa ke sa ido a kan Babban Bankin Najeriya, CBN?

Doka ta riga ta amsa. Dokar CBN ta 2007 ta wajabta wa bankin ya miƙa wa Majalisar Tarayya da Shugaban Ƙasa bayanin kuɗinsa na shekara, wanda mai binciken kuɗi ya tantance, cikin wata biyu bayan ƙarewar shekarar. Ta kuma ce gwamnan bankin ya riƙa bayyana a gaban majalisa sau biyu a shekara. Duk da haka, bayanan kuɗin 2016 zuwa 2022 ba su fito fili ba sai a watan Agusta 2023, bayan an dakatar da Godwin Emefiele. Shekara bakwai ke nan jama'a na cikin duhu, wakilansu kuma suna zaune.

Ga abin da ya faru a cikin duhun. Sashe na 38 na dokar ya yarda CBN ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na wucin gadi, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar da ta samu a shekarar baya, kuma a biya kafin shekarar ta ƙare. Bashin ya yi ta taruwa har ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayu 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 da ruwa kashi 9 cikin 100. Wato yaron da aka raɗa wa suna bana zai yi aure ya haihu ana biyan sa. Irin wannan rance ƙirƙirar sabon kuɗi ne, kuma idan kuɗi suka yi yawa a kasuwa alhali masara da shinkafa ba su ƙaru ba, farashi ne ke tashi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Akwai wasu dalilan, irin su cire tallafin mai da faɗuwar naira, amma wannan ma yana ciki, kuma talaka ne ya biya a wurin mai awo.

Haka aka yi da sauya fasalin naira. An sanar a watan Oktoba 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara kwana goma. Sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000 su ci gaba da aiki. Shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya lashe sama da naira tiriliyan ɗaya. Manoman yankinmu sun cancanci a nuna musu a rubuce wa ya karɓa, wa ya biya.

Wasu za su ce babban banki na buƙatar 'yanci daga 'yan siyasa. Mun yarda. Ba mu ce sanata ya riƙa tsayar da kuɗin ruwa ba. Abin da muke nema a buɗe littafi. Bankin da ya kasa ce wa gwamnati a'a har bashi ya kai tiriliyan 22.7, ina 'yancin da ake karewa? Rufin asirin ne ya sauƙaƙa matsa masa. Wasu kuma za su ce 'yan majalisar ma ba abin yarda ba ne. To, su dai ne ke dawowa neman ƙuri'a duk bayan shekara huɗu. Gwamnan CBN ba ya zuwa mazaɓar kowa.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya rubuta takardar shafi ɗaya zuwa ga sanatansa da ɗan majalisar wakilansa, ya kai ofishin mazaɓa, ya karɓi shaidar an amsa. Buƙatu uku sun isa: a wallafa bayanin kuɗin CBN a kan lokaci kowace shekara, a yi zaman gwamnan bankin da majalisa a bainar jama'a, a riƙa sanar da adadin rancen da gwamnati ta ci daga bankin duk wata uku. Majalisun biyu suna da kwamitin koken jama'a, kuma ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zaure. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayar ɗan ƙasa.

A rubuta da Hausar da mai sayar da tumatir zai fahimta, har ya sa hannu a ƙasa. Wanda ya gama ya ajiye kwafinsa a nan mu gyara wa juna kafin Juma'a.