Gyaran Makaranta da Motocin Hanyar Gwarzo

A 2024 Gwamnatin Kano ta kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi, aka shiga gyaran makarantu. Madalla, don 'ya'yan talakawa ne ke karatu a ƙasa. Amma mutanen Garo su lura. Hanyar Kano zuwa Gwarzo ta bi ta garinsu, manyan motoci kuwa ba sa jiran kowa. In ɗan kwangila ya jibge yashi da bulo a bakin titi, ina yaro zai bi? Sai kan kwalta. Mai tireda kuma a ce ya kwashe, wai shi ya tare hanya!

Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Kabo, tun tifa ba ta iso ba: kayan gini su shiga cikin makaranta, a kuma sa mai tsallakar da yara lokacin tashi.