2011: Hannaye Uku da Afirka Ta Ɗaga a New York

Duk mai bin labaran duniya zai tuna cewa a 2011 ba a kashe rediyo da wuri. Ranar 4 ga Janairu Muhammad Bouazizi ya cika a asibiti. Shi ne matashin nan mai tura baro yana sayar da kayan marmari a garin Sidi Bouzid na Tunisiya, wanda jami'an hukuma suka ƙwace wa kaya har da sikelin awo, ya kai kuka ofishin gwamna aka ƙi sauraronsa, ya fito bakin titi ya cinna wa kansa wuta. Kwana goma da rasuwarsa shugaban ƙasar, Ben Ali, mai shekara 23 a kan mulki, ya hau jirgi sai Jidda. Ranar 11 ga Fabrairu Husni Mubarak na Masar ya sauka, bayan kwana 18 jama'a na kwana suna tashi a dandalin Tahrir. A watan Afrilu aka fito da Laurent Gbagbo daga maɓoyarsa a Abidjan sanye da singileti, bayan rikicin zaɓe ya ci kimanin mutum 3,000. Ranar 2 ga Mayu sojojin Amurka suka kashe Usama bin Laden a Abbottabad. Ranar 9 ga Yuli Sudan ta rabu biyu. Kwana goma sha ɗaya bayan nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta shelanta yunwa a Somaliya, yunwar da daga baya aka ƙiyasta ta kashe kusan mutum 260,000, rabinsu yara ƙanana. Labarinsu bai samu irin surutun da aka yi kan bikin auren jikan Sarauniyar Ingila ba.

Mu ma a gida Najeriya ba mu sha ruwan sanyi ba. Tarzomar bayan zaɓen Afrilu ta ci fiye da mutum 800 a Arewa, aka kai harin bam hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yuni, aka kai wa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta, shekara ta rufe da harin cocin Madalla ranar Kirsimeti.

Yawancinmu kallon labaran waje muke yi a matsayin abin hira a majalisa, a yi musu, a ɗauki ɓangare, a watse. Amma ko girgizar ƙasar Japan ta 11 ga Maris, wadda ake ganin nesa ce ƙwarai, sai da ta iso har Agadas. Tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace, Jamus ta yanke shawarar rufe tashoshinta, farashin yuraniyom da ya kai kusan dala 70 kowane fam ya yi ta gangarowa har ya faɗi ƙasa da dala 20 a 2016. A 2014 kamfanin Areva ya dakatar da aikin mahaƙar Imouraren, wadda Nijar ta ɗora wa dogon buri. Ruwan teku ya yi ambaliya a gabashin duniya, matashi a Arlit ya rasa aikin da aka yi masa alkawari.

Duk da haka, in aka ce in ware rana ɗaya a cikin shekarar, wadda har gobe muke biyan kuɗinta, zan ɗauki 17 ga Maris. A ranar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna kan ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya hana jirage shawagi a sararin samaniyar Libiya, ya kuma ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya zama dole don kare farar hula. Kujeru goma sha biyar ne a zauren. Kafin ƙuduri ya wuce sai ya samu ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan biyar masu kujerar dindindin ta hau kujerar na-ƙi. Rasha da China da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Hannaye goma suka tashi. Uku daga ciki na Afirka ne: Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Da biyu kawai daga cikin ukun sun naɗe hannu kamar yadda Jamus ta yi, takwas za a samu, ƙuduri ya mutu a nan take. Jamus kuwa cikakkiyar 'yar ƙungiyar NATO ce, amma ta ce ba da ita ba. Mun saba cewa Turawa ne suka rusa Libiya, kuma haka ne, jiragen Faransa ne suka fara ruwan wuta ranar 19 ga Maris, Ingila da Amurka suka biyo. Sai dai takardar izinin da suka riƙe, da sa hannunmu a jikinta.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mako guda kacal kafin nan, ranar 10 ga Maris, Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka, wanda Najeriya ke zaune a cikinsa, ya fitar da matsaya cewa bai yarda da katsalandan na sojan waje a Libiya ba, ko ta wace siga. Ya kafa kwamitin shugabanni biyar su shiga tsakani: Jacob Zuma na Afirka ta Kudu, Muhammad Ould Abdel Aziz na Muritaniya, Amadou Toumani Touré na Mali, Denis Sassou Nguesso na Kongo da Yoweri Museveni na Uganda. Kwamitin ya haɗu a Nouakchott yana shirin tashi zuwa Tripoli, sai aka sanar da shi cewa babu hanya, sama a rufe take. Ƙudurin da ƙasar Zuma ta ɗaga wa hannu shi ne ya hana tawagar sulhun Afirka sauka a wata ƙasa ta Afirka. Sai a watan Afrilu suka samu shiga. Shugaban Libiya, Gaddafi, ya ce ya karɓi tsarinsu, 'yan tawaye a Bengazi suka yi fatali da shi. Me zai sa su zauna teburin sulhu, alhali jiragen yaƙin NATO na share musu hanya? Zuwa watan Yuni Zuma ya koma yana ƙorafin cewa an karkatar da ƙudurin zuwa kifar da gwamnati.

Na san akwai masu karatu da suke jira in ce Gaddafi waliyyi ne. Ba zan faɗa ba. Mutanenmu suna tuna shi da sallar da ya jagoranta a Kano a 1997, da Maulidin Agadas na 2007, da babban masallacin Yamai da kuɗin Libiya ya gina. Sai a haɗa da sauran. Shi ne ya mamaye yankin Aouzou na Cadi ya yi shekaru yana zubar da jinin 'yan ƙasar. Jami'ansa kotun Faransa ta samu da laifin tarwatsa jirgin UTA a saman hamadar Tenere ta Nijar a 1989, mutum 170 suka mutu. A kurkukun Abu Salim, a 1996, an harbe fursunoni kimanin 1,200, kuma kama lauyan iyalansu ne ya kunna zanga-zangar Bengazi a watan Fabrairun 2011. A Maris na 2010 shi ne ya ba da shawarar a raba Najeriya gida biyu, na Musulmi da na Kirista, har Abuja ta kira jakadanta gida. Da jama'arsa suka fito titi, ɓeraye ya kira su, ya rantse sai an bi su gida-gida, lungu-lungu.

Saboda haka wanda ya ɗaga hannu a wannan rana yana da abin faɗa. Tankokin yaƙi na dosar Bengazi, Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da kanta ta nemi a rufe sararin saman, ga kuma tabon Ruwanda. Najeriya na zaune a Kwamitin Sulhu a 1994, jakadanmu Ibrahim Gambari yana cikin 'yan tsirarun da suka yi ta roƙon a ƙara sojoji aka yi biris da su har aka gama yanka. Ƙasar da ta ga wannan da idonta, ba laifi ba ne ta ji tsoron a maimaita.

Inda nake ganin an yi sakaci shi ne ba da izini babu sharaɗi. Duk ɗan diflomasiyyar da ya san aikinsa ya san ma'anar “duk matakin da ya zama dole” tun daga ƙudurin da aka yi wa Iraƙi a 1990: yaƙi ke nan. Iraƙin ma tana nan a gaban kowa, shekara takwas da kifar da Saddam ba ta miƙe ba, kuma a Disamban wannan shekarar ta 2011 ne sojojin Amurka suka tattara suka fice. Masu ƙuri'a uku da ake matuƙar buƙata suna da damar ciniki. Suna iya cewa a sa wa'adi, ko a ba kwamitin Afirka mako biyu tukuna, ko a fayyace wa zai tsare rumbunan makamai in gwamnati ta faɗi. Ga wata alama kuma da ta isa ta sa mutum ya dakata: a cikin wannan makon, ranar 14 ga Maris, dakarun Saudiyya suka tsallaka gada zuwa Bahrain don taimaka wa sarki murƙushe masu zanga-zanga, babu wanda ya kawo ƙudurin kare farar hula. Ashe tausayin ma yana da inda yake tsayawa.

Waɗanda suke maƙwabtaka da Libiya sun yi magana. Shugaban Nijar Mahamadou Issoufou, da bai fi wata biyu da rantsuwa ba, ya gargaɗi shugabannin manyan ƙasashe a taron Deauville na watan Mayu cewa Libiya na iya zama wata Somaliya. Idriss Déby na Cadi ma ya yi ta faɗa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to su ruwan suke nema, aka ɗauke su masu kare ubangidansu.

Ba a jima ba abin ya fara isowa. A watan Yuni sojojin Nijar suka yi artabu da wani ayari a arewacin Arlit, suka kama fiye da kilo 600 na abubuwan fashewa daga Libiya. Ta hanyar Dirku kuma manyan motoci suka yi ta shigowa, kaya sun yi tsiri, katifu da jarkokin ruwa naɗe da buhu na reto a gefe, mutane a can ƙoli sun rufe fuska da rawani saboda ƙura. Magina ne, da masu gadi, da masu aikin lambu, 'yan Tawa da Damagaram da Maraɗi, da yawansu an ƙwace musu kuɗi da waya a shingayen hanya. A lokacin baƙar fata kaɗai ta isa a kira mutum sojan hayar Gaddafi, kuma garin Tawergha na baƙaƙen Libiya an kore shi kaf. Gwamnatin Nijar ta ƙiyasta kimanin mutum 200,000 ne suka dawo, ta Cadi 150,000. Kowannensu da gidan da yake ciyarwa da kuɗin da yake aikowa, sai ga shi ya dawo hannu rabbana a shekarar da damina ma ba ta yi kyau ba.

Ranar 20 ga Oktoba aka kama Gaddafi a Sirte aka kashe shi, bayan shekara 42 yana mulki. A cikin watan ne aka kafa ƙungiyar MNLA a arewacin Mali, ƙashin bayanta mayaƙan Abzinawa da suka dawo daga rundunar Libiya da motocinsu da makamansu. Nijar ta tsaya kan cewa duk mai shigowa sai ya ajiye bindiga, kuma tun a Afrilu ta naɗa Ba'abzine, Brigi Rafini, firaminista. Mali ta bar su suka shige. Ranar 17 ga Janairun 2012 suka far wa Menaka, ranar 22 ga Maris sojoji suka kifar da Amadou Toumani Touré, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da aka tura sulhu. Ba a jima ba, cikin kwana uku a jere, Kidal da Gao da Tambutu suka faɗi. A Mayun 2013 bam ya tashi a barikin Agadas da mahaƙar Arlit rana ɗaya. Wutar ta ci gaba zuwa Burkina Faso da Tilaberi, ta zama hujjar juyin mulki ɗaya bayan ɗaya.

Kada a ɗora wa Libiya abin da ba nata ba. Boko Haram a Maiduguri aka haife ta, kuma tun 2009 take yaƙi. Ta'addancin dajin Zamfara daga zaluncinmu da sakacinmu ya tsiro. Abin da rushewar Libiya ta yi shi ne buɗe hamada, ta arhanta bindiga, ta samar wa kowane ɗan ta'adda wurin fakewa da kasuwa. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a kusa da Tripoli, Najeriya ta koma jigilar 'ya'yanta gida. Zaɓen Libiya da aka sa ranar 24 ga Disamban 2021 bai yiwu ba, ƙasa ta tsaya da gwamnati biyu, ɗaya a Tripoli ɗaya a gabas.

Waɗanda suka jefa bama-baman sun waiwaya, ko da baki ne. A 2016 Barack Obama ya ce rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne mafi munin kuskuren mulkinsa. A Satumban shekarar kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Ingila ya fitar da rahoto, ya ce an gina matakin a kan gurguwar fahimta, ya ɗora alhakin a wuyan firaministan wancan lokacin, David Cameron. Mu kuwa hirar da ta fi yi mana daɗi ita ce ta makircin Turawa, domin ba ta tambayar kowa a cikinmu komai.

Akwai alamar an ɗan koyi wani abu. A Agustan 2023, da ECOWAS ta yi barazanar afka wa Nijar bayan juyin mulki, sanatoci da sarakuna da malamai suka ce a'a tun kafin a harba harsashi ɗaya, saboda sun san Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne wannan karon a bakin ƙofa abin yake, kowa na gani. Na 2011 a wani zaure mai nisa aka yi shi, cikin Turanci, da dare a agogonmu.

Tun 2005 Afirka ke neman kujerun dindindin biyu a Kwamitin Sulhu, Najeriya na sahun gaba wajen cewa ɗaya tata ce. Ina goyon baya. Amma kafin nan, ya kamata kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa ya yi abin da takwaransa na Ingila ya yi: ya gayyato waɗanda suka riƙe ma'aikatar harkokin waje a 2011, a zaman da 'yan jarida za su shiga, su faɗa wa 'yan ƙasa wa ya ba da umarnin ɗaga hannun nan, wace shawara jami'an tsaro suka bayar, kuma ko an tuntuɓi Yamai da Njamena kafin a ɗaga.