Mourinho bai kashe Mikel Obi ba

Har yau akwai masu cewa Mourinho ne ya kashe Mikel Obi, wai ya ɗauki lamba 10 ya mayar da shi mai tare. Ni dai ban yarda ba, jama'a.

Gaskiya ne, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, Messi kaɗai aka sa a gabansa. To amma ku duba tsakiyar Chelsea ta lokacin: Lampard, Ballack, Essien. A ina yaron Jos zai samu gurbi a gaba? Da ya ƙi komawa baya, wallahi benci ne zai cinye shi. Ya karɓa, ya yi shekara goma da ɗoriya, Firimiya biyu, ga kofin Zakarun Turai a 2012. Ya ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a 2013.

Sai 2018 a Rasha. Saura sa'o'i a kara da Ajantina aka gaya masa an sace mahaifinsa. Bai faɗa wa koci ba, bai faɗa wa 'yan wasa ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya buga minti 90. Masu yi masa gorin ƙwallo 6 a Chelsea, wa zai iya wannan a cikinku?