RA'AYINMU: Babban Kare A Gidan Da Ke Da Ƙananan Yara



Maganar da muka kawo muku a wannan mako ta taso ne daga gidan ɗaya daga cikinmu. Wani maƙwabcinsu ma'aikaci aka yi wa canjin wurin aiki daga Birnin Kebbi, kuma gidan hayar da ya samu can ba a yarda da kare ba. Sai ya zo ya roƙi mahaifin abokinmu ya karɓi karensa, ɗan shekara huɗu, wanda ya daɗe yana yi masa gadi. Maigidan yana so, domin sau biyu ana haura masa katanga a kwance awaki. Uwargida ta ce atafau ba ta yarda ba, tunda akwai yara uku a gidan, ƙaramarsu ko yaye ba a yi ba. Kakarsu kuwa cewa ta yi, “In dole sai an aje kare, a samo muna ɗan kwikwiyo ya tashi da yara. Mi za mu yi da ƙaton da ba mu muka rena ba?”

Da abokinmu ya kawo zancen taron ƙungiya, mun yi kusan awa guda muna gardama. Ga inda muka tsaya: gidan da ke da ƙananan yara, in har yana da buƙatar kare ta gaskiya, babban kare da aka san asalinsa ya fi masa aminci a kan kwikwiyon da aka tsinto a bola ko aka saya a bakin hanya. Amma akwai sharuɗɗa, kuma wanda ba zai iya cika su ba gara ya haƙura ya ƙara wa katangarsa tsawo.

Mu fara da buƙata. A ƙasarmu kare ma'aikaci ne. Maharba suna fita farauta da shi da rani, Fulani makiyaya suna tafe da shi bayan garke, manoman fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi suna barinsa a bukka ya tsare injin ban-ruwa da buhunan shinkafa. Littafin Risala, wanda da yawanmu muka karanta a makarantar zaure, ya ambaci dalilai uku na ajiye kare: gona, dabbobi, da farautar neman abinci. Kan gadin gida malamai sun yi saɓani, wasu da dama sun halatta idan akwai tsoron ɓarayi. Wannan fage ne na malaman addini, kuma muna ba kowane maigida shawarar ya tambaye su kafin ya yanke hukunci. Abin da muka tabbata babu saɓani a kansa shi ne, dabbar da ka ɗaure a gidanka amana ce, za a tambaye ka cinta da shanta. Wanda zai kawo kare don kawai ya gani a fim, ko don ya burge abokai, ba da shi muke ba.

Hujjar masu son kwikwiyo ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wa zai tanƙwara? Uba ya tafi ofis ko gona, uwa tana fama da girki da goyo, mu muna makaranta. Waɗanda suka rage da kwikwiyon su ne ƙannenmu 'yan shekara uku da huɗu. Su ja masa wutsiya, su ɗauke shi kamar 'yartsana, shi kuma ya ciccije su da wasa, domin haka kowane kwikwiyo yake yi lokacin da haƙoransa ke fitowa. Ba wanda zai kula da ɗan ƙarzanen da ya bari a yatsa. Nan ne haɗarin yake. Galibi ba a yi wa kwikwiyo allurar rigakafin ciwon haukan kare sai ya kai wata uku, kuma wanda aka tsinta a titi ba a san abin da ya cije shi ko ya ciji uwarsa ba. Ga tsutsar ciki da ke yawan kama 'yan kwikwiyo, wadda ƙwanta ke zama cikin ƙasar tsakar gida inda jarirai ke rarrafe.

Babban kare kuwa halinsa ya riga ya fito, hali zanen dutse. Kana iya zuwa gidan da yake ka zauna ka gani da idonka. Yaya yake yi in yaro ya gifta da gudu? Yana gurnani in an matso kusa da kaskon abincinsa? Yana bin kaji da awaki? Yana jin kiran mai shi? Ka tambayi maƙwabta, ba mai shi kaɗai ba, domin mai neman rabuwa da kaya ba ya faɗin aibinsa. In ya taɓa cizon mutum ba tare da an tsokane shi ba, ko sau ɗaya ne, a bar shi. In bai taɓa zama da yara ba, shi ma a yi hattara. Karen farauta da ya saba bin zomo da gafiya bai dace da gidan mai rarrafe ba, ko da ya kai kowane kare biyayya.

Sharaɗi na farko shi ne allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kimanin huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inmu da ƙannenmu. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ciwo ne da ake iya tarewa. Tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allurarsa, kuma ranar da ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. A nan gida Najeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar karnuka. Saboda haka kafin kare ya taka zauren gida, a nemi katin allurarsa. In babu kati, a ɗauka ba a yi ba, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, sannan a riƙa sabunta allurar duk shekara.

Sharaɗi na biyu shi ne haƙuri. Karen da aka raba da gidan da ya sani yana cikin firgici, kuma firgitaccen kare ya fi saurin cizo. A keɓe masa wuri a bayan gida ko gefen garka na mako biyu ko fiye, babba ɗaya ya riƙa kai masa abinci har ya gane muryarsa. Bayan nan a nuna masa yara ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaure, babba na tsaye. Sai dai mu sani, wannan keɓewa ba ta maye gurbin allura, domin ƙwayar ciwon tana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku ba tare da wata alama ba. Shi ya sa muka dage kan karen da aka san inda ya kwana da inda ya tashi.

Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi karyawa: kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, ko na minti ɗaya, ko da karen ya shekara goma a gidan. Tsawon yaro daidai yake da bakin kare, don haka cizonsa yakan sauka a fuska ko wuya, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin kai ciwo ga ƙwaƙwalwa. Mu yayye aikinmu ne mu koya wa ƙannenmu kada su taɓa kare yana ci, yana barci, ko karya tana shayarwa. Kada su hau bayansa, kada su jefe shi. In baƙon kare ya nufo su, su tsaya cik, hannu a jiki, ba gudu ba ihu.

Sharaɗi na huɗu haƙƙin karen ne. Duk mun san zafin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Karen da aka ɗaure da guntuwar sarƙa a rana, ba inuwa ba ruwa, ana jefa masa ƙanzo in an tuna, shi ne gobe zai huce a kan yaro. Yana buƙatar rumfa, ruwa mai tsabta, abinci a kan kari, da wurin miƙe ƙafa. A ware masa kaskonsa daban da kwanukan gida, a kwashe kashinsa kullum, a nisanta shi da randa da wurin salla. Wannan duk kuɗi ne da lokaci, kuma kare yana iya kai shekara goma ko fiye. Maigida ya yi lissafi tun kafin ya ce “na karɓa”.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ga abin da muke roƙon kowa ya haddace. A wanke wurin cizon nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a tsaya shafa toka, barkono ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, a kuma kammala duk allurar da ya rubuta. Karen kuma a tsare shi a sanar da likitan dabbobi, a sa masa ido kwana goma. Ɗan'uwa ɗalibi, in kare ya cije ka ko ya yage ka, kada tsoron faɗan Baba ya sa ka ɓoye. Faɗa na kwana ɗaya ne.

A gidan abokinmu, mahaifinsa ya je ya ga katin allura, ya zaga maƙwabta uku ya yi tambaya, ya kafa rumfa bayan garkar awaki. Uwargida ta amince bisa sharaɗin kare ba zai shigo tsakar gida ba, kuma ƙofar da ke tsakani za ta zauna a rufe. Kaka har yanzu ba ta sauka daga ra'ayinta ba, kuma mun san cikin masu karanta wannan allo akwai masu goyon bayanta. Muna jiran martaninku a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, za mu liƙa mafi ƙarfin hujja a fitowa ta gaba. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta gayyato mana likitan dabbobi ya yi mana bayani a taron safe kafin 28 ga Satumba. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da ƙannenmu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta